Mako uku da hasken taga ya cinye mini

Har yau in na ga farar kwalbar gwaji a ajiye bakin taga sai gabana ya faɗi. Aikin digirina na biyu ne a nan Kano, a kan amlodifin, maganin hawan jinin nan mai 5 mg da 10 mg da tsofaffinmu ke sha kullum. Zan tsara hanyar auna shi da na'urar HPLC, mai raba sinadaran da ke cikin ruwa ta auna yawan kowanne, in tabbatar da ingancinta bisa ƙa'idar ICH Q2, ta ƙasa da ƙasa kan tantance hanyoyin awon magani, sannan in gwada ƙwayoyin da na saya a kemis-kemis na Sabon Gari da Tarauni.

Tsara hanyar bai wahalar da ni ba. Kolom C18, wato bututun da ke raba sinadaran, ruwan da ke ratsa shi bafar fosfet a pH 3 da asetonaitiril, awo da haske a 237 nm. Tsinin da na'urar ke zanawa, mai nuna yawan maganin, ya fara fitowa da jela, na ɗiga tirayital'amin kaɗan, ya miƙe. Ranar farko na tura ruwan maganin cikin na'urar sau shida, RSD, wato bambancin da ke tsakanin sakamakon, bai kai kashi 2 ba, har na sayi tsire a hanya.

Garin maganin asali da ake gwada komai da shi, wato ma'auni, tsada gare shi, ɗan kaɗan Malam ya ba ni. Don tattali sai na narka shi sau ɗaya a farar kwalba, na ajiye kan benci kusa da taga, kullum in ɗiba. Arha ba ta ado! Da na koma maimaita awo a ranaku daban-daban, tsinin ma'aunin sai raguwa yake, ƙwayoyin kuma suna nuna kamar maganin cikinsu ya haura kashi 110 na abin da aka rubuta. Na zargi ɗauke wuta da janareta, na wanke kolom har sau uku, na sayi sabon asetonaitiril da kuɗin aljihuna. Wani ɗan tsini da ke fitowa kafin na amlodifin kuwa, ina ganinsa yana girma, na ce datti ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu, saura ƙiris in rubuta cewa kamfanonin ne suka cika magani.

Wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwajin ne ya tsaya kaina wata La'asar, rana ta haske kwalbar tar.

"Ɗana, wannan tun yaushe take nan?"

"Ta kusa mako uku, Baba."

Bai ce komai ba, ya buɗe durowa ya miƙo mini kwalba ruwan ƙasa da takardar foyil.

Amlodifin ba ya shiri da haske. Zoben dihaidurofiridin ɗinsa ne ke komawa firidin, abin da littattafan magunguna ke kira gurɓataccen D, wanda ba ya sauke jini. Ashe ma'aunina ne ke lalacewa, ƙwayoyin mutane lafiyarsu lau. Kuma na karanta gargaɗin a kāre shi daga haske, da idona, na wuce. Wannan ne ke ci mini rai.

In za ka yi irin aikin nan, gwada tsawon lokacin da ruwanka ke jurewa tun kafin ka taɓa batun daidaito. Shanya kaɗan a rana da gangan, ka zuba wa wani asid, wani alkali, ka ga inda tsinin lalacewa ke fitowa da ko kolom ya raba su. Da na sake komai da sabon ruwa, a naɗe, a firji, duk ƙwayoyin suka faɗa tsakanin kashi 90 da 110 na abin da aka rubuta. Sai dai komawa wurin Malam roƙon wani garin, gwamma kada in tuna.