Hatimin gidan waya da bakin tsofaffi: abin da katunan Zinder suka koya mini

A shekarar ƙarshe ta karatuna na tarihi, malamin da ke duba aikina ya ba ni batu: Zinder a cikin katunan gidan waya na zamanin Faransawa. Kati ne mai hoto a fuska, a bayansa a rubuta adireshi da gaisuwa, sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka su aika wa danginsu a Faransa. Na ainihin galibi suna can Turai a hannun masu tara su. Mu kwafinsu muke samu a intanet, wani tas, wani dishi-dishi. Na tara abin da na iya, na kai wa wani mai kwamfuta kusa da kasuwar Dole ya buga mini a takarda mai kauri.

Tun a makon farko na yi tuntuɓe. Akwai wani kati da ke nuna ganuwar Birni, wadda Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita, tana tsaye ƙyam ba inda ta zube. Na dubi hatimin gidan waya, na ɗauki shekarar da ke jiki, na rubuta cewa har zuwa lokacin ganuwa na nan lafiya lau. Malam ya karanta, ya tambaye ni: "Hatimin nan ranar ɗaukar hoto yake faɗa, ko ranar da aka jefa kati a akwati?" Na yi shiru. Masu buga katunan kan riƙe hoto guda su yi ta maimaita shi shekara da shekaru, mai saye kuma yana iya ajiye kati a jaka ya daɗe bai aika ba. Iyakar abin da hatimi ke tabbatarwa shi ne an ɗauki hoton kafin wannan rana.

Daga nan na koyi neman shekara a jikin katin kansa. Idan bayansa na adireshi ne kaɗai, ba a raba shi gida biyu ba, to tsohon yayi ne, domin sai a ƙarshen 1903 Faransa ta yarda a raba bayan kati, gefe na saƙo, gefe na adireshi. Sunan ƙasar da aka buga ma yana taimakawa: yankin soja ne ake kiran Nijar da farko, sai a 1922 ta zama koloni. Zinder ce babban birni daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mai da gwamna Yamai. Sai kuma itatuwa. Wanda ke ɗan tsiro a wani kati, a wani ya yi inuwar da mutane ke zaune ƙarƙashinta, kai ka san wanne ya riga wanne.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne duwatsun garinmu. Gida ya rushe, hanya ta sake, amma dutse yana nan inda Allah ya ajiye shi. Nakan fita da sassafe da takarda a hannu, ina kewaya har surar dutsen da ke gabana ta dace da ta hoton. A nan na lura da wani abu da ban taɓa tunaninsa ba. Da yawan hotunan Birni da na tara, daga wajen bariki aka ɗauke su, daga sama, ana hango gari a ƙasa. Barikin nan shi ne Faransawa suka raɗa wa sunan Kazamaju, kyaftin ɗin da aka kashe a Zinder a watan Mayun 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Shekara ɗaya bayan haka suka dawo da bindiga, aka yi karon Tirmini a watan Yulin 1899, gari ya faɗa hannunsu. Ashe duk lokacin da nake kallon katin nan, a inda sojan da ya ci garin ya tsaya nake tsaye. Har tamburan wasiƙa na Nijar da aka buga a 1926, cikin zanen da ke kansu akwai barikin Zinder, akwai kuma masu jan ruwa a rijiya.

Raƙuman Zango sun cika katunan, ayari a durƙushe, Abzinawa da rawani. Gaskiya ne Zango masaukin fataken Sahara ce. Amma yawan hotunan ya fi nuna abin da Bature ke son saye. A cikin tarina ban sami tsakar gida ko ɗaya ba, ban kuma ga ɗalibi gaban malaminsa da dare ba.

Sai na ɗauki takardun na shiga Birni wurin tsofaffi, kuma a nan ne aikin ya zama aiki. Akwai wata tsohuwa, ƙawar kakata, da na nuna wa katin wasu mata a bakin rijiya. Rubutun da ke ƙasa da Faransanci bai wuce "mata 'yan ƙasa" ba. Ta kai takardar kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Ɗana, wannan ta tsakiya amarya ce, dubi kitsonta. Wannan kuwa ba 'yar gari ba ce, ba haka muke ɗaura zane ba." Ta nuna mini gammo, ta nuna tulu, ta ƙirga tulunan da ke jere a ƙasa. Ta ce yawansu ya nuna rani ne, rijiya ta ja baya, mata sun kwana layi. Na ce, "Inna, ta yaya kika sani?" Ta ce ita ma ta kwana a irin layin nan. Ni a littafi na karanta cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga Zinder. Ita da kanta ta ɗauki ruwan. Kuma har yau mai 'yan jarka a kura bai rasa ciniki ba a unguwanninmu.

Wani dattijo kuma na nuna masa maza jere da tubali a ka, an rubuta "ma'aikata". Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya ce kada in sake kiransu haka. Aikin dole ne, in ji shi, kuma mahaifinsa ya yi. Ana zuwa wurin mai unguwa a ce a kawo mutum kaza, ba a tambayar ko kana da gona da ke jiran noma. Sai a 1946 aka soke shi. Na so in ci gaba da tambaya, amma na ga fuskarsa, sai na tattara takarduna na yi godiya. Bayan kwana uku shi da kansa ya aiko a kira ni.

Ban ce bakin tsoho ba ya kuskure ba. Akwai katin wani basarake a kan doki, dogarai kewaye da shi, an rubuta "Sarkin Zinder" ba suna ba shekara. Wannan rubutu bai warware komai ba, domin a 1906 Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, suka damƙa gari a hannun wani bafade, Ballama, sai a 1923 sarauta ta koma gidanta da Barma Mustafa. Dattawa biyu na nuna wa. Ɗaya ya rantse Barma Mustafa ne, ɗaya ya ce sam, wannan zubin fadar ya girme shi. Kowannensu mutum ne da ba zan iya ƙaryatawa a fuskarsa ba. Raina ya so in zaɓi ɗaya don aikina ya yi kyan gani. Malam ya hana, kuma na gode masa. Na rubuta maganar kowa yadda ya faɗe ta, na bar wurin sunan a buɗe.

Haka kundin ya fito: ƙarƙashin kowane hoto layi uku, abin da Bature ya rubuta, abin da jikin katin ya nuna, da abin da mutanen gari suka ce. A wasu hotunan layi na uku ya cinye shafi guda.

Ranar da na je yi wa Inna ban kwana, ta ce in bar mata na rijiyar. Na ce zan sa a yi mata gilashi. Ta ce a'a, haka take so, don ta riƙa kai shi kusa da ido. Ta naɗe shi cikin wani tsohon ɗankwali, ta sa a ƙasan kwallarta.