Hankakan katakon da ya cinye min hutun Disamba

Ni dai ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne, zarto ma aro na yi. Abun da ya jawo min duk wannan wahalar wani ɗan bidiyo ne da autana ya gani a wayata, irin tsuntsun katakon nan da Turawa ke kafawa a kan sanda a ƙofar gida ko a bakin lambu, musamman a Amurka, iska na kaɗawa fuka-fukan na juyawa kamar fanka shi kuma tsuntsun yana ta waige-waige. Yaro ya maƙale min wai sai na sayo mishi. Na ce a ina zan samo maka wannan a Zariya? Sai bakina ya suɓuce na ce bari a yi hutu in haɗa maka da hannuna. To ka san yaro da alkawari, ranar da aka rufe makaranta ko takalmi ban cire ba ya tuna min.

A raina na raina abun wallahi. Mu da muka tashi muna yin fanka da ganyen mangwaro da ƙaya da guntun kara, mu sheƙa da gudu tana juyawa, mu ƙera motar langa-langa har da sitiyari, me zai gagare mu a nan? Na ce kwana 2 ya yi yawa. Sai da na kwashe sati 3.

Na je wajen 'yan katako a Sabon Gari, ban sayi falanki guda ba, ragowar yanka na tsinto aka yi min kuɗinsu a dunƙule, wani farin katako mara nauyi da suke ce wa obece mai kaurin kusan inci 1, da guntun filawud siriri na fuka-fuki. Da farko shamuwa na so yi, saboda ina son tsuntsuwar nan, da ka ganta ta sauka a kan bishiya ka san damina ta ƙarato. Na zana ta a kwali na yanke na ɗora a kan katako na bi da fensir, na yini ina gurzar zarto da magagari, ta fito da dogon wuyanta gwanin sha'awa har maman yara ta ce ashe kana da wata sana'ar ka ɓoye mana. Ina cikin goga samfefa a wuyan kawai na ji ƙas, kai ya faɗo ƙasa.

Akwai wani dattijon kafinta a bakin layinmu, tun muna yara yake wurin, na kwashi gawar na kai mishi. Ya jujjuya ta ya yi dariya har da tari, ya ce "Malam, ka karanta boko amma ba ka karanta katako ba." Ya nuna min layukan nan da ke bin tsawon katako, ya ce jijiya ce, ƙarfin itace a bin ta yake. Ni kuma na kwantar da jikin shamuwar yana bin jijiya, wuyan ya miƙe sama ya ratsa ta, wato duk siririn wuyan gajerun jijiyoyi ne a jere kamar an jera ashana, ko yaro ya taɓa sai ya karye. Na ce to Baba ya zan yi? Ya ce ko ka yi wuyan daban ka dasa, ko ka nemi tsuntsun da Allah bai ba dogon wuya ba. A nan na koma hankaka. Gajeren wuya, jiki a dunƙule, fenti kala 2 kacal, baƙi da fari a ƙirji da kewayen wuya, shi kenan.

Jikin bai ba ni wuya ba a karo na biyu, tsawon inci 16 daga baki zuwa jela. Inda na sha kashi shi ne fuka-fuki.

Kowane gefe fiffike ɗaya ne mai ganye biyu, kamar farfelar jirgi, a tsakiya akwai ɗan guntun katako mai kusurwa huɗu tsawon inci 3, ka tsaga bakinsa na sama da na ƙasa da zarto ka cusa ganyen filawud a cikin tsagar ka sa gam. Tsagar a karkace ake yinta, daga wannan kusurwar zuwa waccan, kusan digiri 45, wannan na gane tun daga bidiyo. Abun da ban lura ba shi ne ba gefe ɗaya suke karkata ba. Ni na yi duka biyun sun kwanta iri ɗaya, na haɗa na sa Top Bond na bari ya kwana, da safe na fita tsakar gida na ɗaga shi sama, iskar hunturu na kaɗawa har tana ɗauke kayan shanya amma fiffike ya tsaya ƙiƙam, sai ɗan rawa yake yi yana komawa. Na hura da baki, na kai shi gaban fankar ɗaki da aka kawo wuta, banza. Yara sun zagaye ni suna kallo, babban ya ce Abba ko sai an sa mishi batir ne, na ce tashi ka ba ni wuri.

Da daddare ina kwance ina kallon fankar silin sai abun ya faɗo min. Iska na tura ganyen sama zuwa hagu, tana tura na ƙasa shi ma zuwa hagu, to ta ina zai juya? Kamar mutum biyu ne a kan lilo kowa na danna nashi gefen da ƙarfi ɗaya. Dole in ka leƙa guntun katakon daga baki ɗaya ka hango tsagar nan biyu sun gitta juna kamar alamar sau a lissafi, ɗaya ta ture hagu ɗaya ta ture dama. Haka fankar ganyen mangwaron da muke yi take, muna yage rabin ganyen ta nan mu yage ɗaya rabin ta can, shekara da shekaru hannuna ya san wannan amma kaina bai taɓa tambayar dalili ba. Gam kuwa ya riga ya kama, sai sabon yanka.

Da na gyara ya juya, amma kamar mai ciwon ƙafa, ya yi zagaye ɗaya ya tsaya kullum ganye ɗaya ne a ƙasa. Nauyi ne bai daidaita ba. Maganinsa sauƙi, ka zura ƙusa a ramin tsakiya ka riƙe a kwance, ganyen da ya rinjaya ƙasa ka rage shi da samfefa kaɗan-kaɗan har sai duk yadda ka ajiye shi ya zauna a nan. Kuma a sake gwadawa bayan fenti, don ni fentin ma sai da ya sake ɓata min, gefe ɗaya ya sha burushi fiye da ɗan'uwansa.

Sai maganar abun da fiffiken zai juya a kai. In ka huda katako ka zura sukuru haka kawai, ƙarfe zai riƙa cin katako, ramin ya faɗaɗa fiffike ya fara layi. Na fara sa bututun biro a ramin, ya yi aiki kwana 4 ya tsage. Abun da ya cece ni eriyar wata tsohuwar rediyon mahaifina da ke cikin kwandon tarkace, irin mai shiga cikin juna ɗin nan, bututu ne na ƙarfe siriri kala-kala, sai ka zaɓi wanda sukurunka ke yawo a ciki ba tare da ya yi sako-sako ba ka yanke da zarton ƙarfe. Washa ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, sannan ɗan katako kamar inci 1 a manne a kafaɗar tsuntsun don ya nesanta fiffiken da jiki, in ba haka ba zai riƙa marin cikinsa. Kar a ɗaure sukurun tamau, a bar ɗan wasa.

Giris kuma, don Allah duk mai son yin abun nan a ƙasarmu ya rabu da giris. Na je wajen mai gyaran keke na lakuto na cika ramin ina jin na yi dabara, kwana biyu ƙurar hunturu ta shige ta haɗu da shi ya zama kamar kwaɓaɓɓen tuwo, fiffike ya ƙi motsi. Sai da na kwance na wanke da kananzir. Baba kafinta ne ya ce in kankare bakin fensir in zuba garin, shi ba ya kama ƙura. Tun daga ranar garin fensir nake sawa.

Wajen kafa shi a sanda ma akwai lissafi. Bayan ka ɗaura fuka-fukan duka ka ɗora cikin tsuntsun a kan yatsa ka nemi inda ba ya rinjaya gaba ko baya, a nan za ka huda rami zuwa sama kamar inci 2, ka sa bututun eriya, ka jefa ƙwallon boris ɗaya na keke a can ƙarshen ramin. A kan sandar kuma ƙusa 'yar inci 4 da aka guntule wa kai, tsuntsun ya zauna a kanta, ƙusa ta tokari ƙwallon, ko numfashi ka yi sai ya waiga. Wannan ɓangaren kam na ji daɗin kaina.

Wani abu da ya ɗaure min kai, na yi mishi jela faffaɗa don ya riƙa fuskantar iska sosai, to ya fuskanta ɗin, ya kafe bakinsa arewa maso gabas inda hunturu ke fitowa kamar soja a fareti, amma sai fuka-fukan suka rage gudu. Ashe su sun fi son iskar da ta zo musu ta gefe ko a karkace, tunda kowace farfela ta fuskarta take shan iska, su kuma fuskarsu gefe take kallo. Na rage jelar kusan inci 1 da rabi, ya daina kafewa, yana ɗan kaucewa hagu da dama, a cikin kaucewar nan fuka-fukan ke samun abincinsu. Wani lokacin na dama ya yi ta gudu na hagu na hutawa, sai su canza, yara har gasa suke sawa kowa da nashi fiffiken.

Ranar da na kafa shi a kan katanga wani maƙwabcina da muke sallah tare ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce Malam wannan ba sura ba ce kuwa? Gaskiya tambayar ta taɓa ni don ni ma ta zo min a rai tun ina yanka. Shi ya sa ban yi mishi ido ba, ban yi ƙafafu ba, shafaffen katako ne kawai mai siffar tsuntsu na wasan yara. Na tambayi malaminmu na unguwa na samu natsuwa a kan nawa, amma ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi nashi malamin, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ya yi jirgin sama ko mota, aikin duk ɗaya ne.

Waɗanda ba su yi tambaya ba su ne kajin gidan. Kazar maman yara na da 'yan tsaki a lokacin, da inuwar fuka-fukan ta gilma a ƙasa sai ta yi wani irin ƙara ta kwashe 'ya'yanta suka shige ƙarƙashin turmi, yini guda ba su fito ba, na sha faɗa ranar. Na ce to ai ga amfani ya samu, zai kore mana tsuntsaye daga shanyar gero. Kwana 5 ya yi yana wannan aikin. A na shida na fito na tarar da kurciya zaune a bayansa yana juyawa da ita.

Ya yi hunturu lafiya, ya yi bazara, fentin ya ɗan kode. Hadarin farko da ya taso daga gabas da iskar nan mai tafe da jar ƙasa, muna ta rufe tagogi, autana ya ƙwalla ihu Abba hankaka ya tashi! Da gaske ya tashi ɗin, tunda zaune kawai yake a kan ƙusa babu abun da ya riƙe shi ta ƙasa, iska ta zare shi ta wurga gidan maƙwabta. Washegari yaransu suka kawo shi fiffike ɗaya a karye, ɗayan kuma filawud ɗin ya sha ruwa ta gefe ya buɗe falle-falle kamar littafi, don fuska kawai na shafa wa fenti na manta bakin yankan, alhali ta nan ruwa ke shiga.

Yanzu na yi sababbin fuka-fuki, na shafe bakunansu da fentin mai har sau 3, na lanƙwasa 'yar waya daga cikinsa ta zagayo ƙarƙashin wata washa da mai walda ya ɗiga min a jikin ƙusar, yana juyawa yadda ya so amma ba ya zaruwa sama. Sandar ma na canza ta koma ta ƙarfe, don gara ta fara cin ta katakon daga gindi. Kan shamuwar da ya karye yana nan a cikin durowa, babban ɗana ya ce shi zai dasa mata wuya a wannan hutun, ya riga ya je wajen Baba kafinta sau biyu ba tare da ya gaya min ba, jiya ma na nemi zarton da na saya daga baya na rasa.