Kwana biyar a Bilbao, garin da ya wanke koginsa

Ranar Talata na sauka Kano, amma har yau Asabar ban gama kwashe akwatina ba, domin duk wanda ya shigo yi mini sannu da zuwa sai hirar Bilbao ta ɓarke. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Sana'ata ƙira ce, ƙofofi da tagogi na ƙarfe, kuma wani injin lanƙwasa ƙarfe na hannu na je dubawa a yankin Bask da ke arewacin Sifaniya, inda suka yi suna wajen ƙera injuna. Maganar injin ta ƙare a yini guda. Abin da ya riƙe ni sauran kwanakin garin ne da kansa.

Kafin nan sai da na haɗiye takaici a filin jirgin da na fara sauka a Turai. Jami'in shige da fice ya juya fasfona ya fi sau biyar, ya tambayi takardar otal, na ba shi, ya tambayi tikitin komawa, na ba shi, sannan ya ce in ƙirga masa kuɗin guzurina a gaban mutane. Da ya gama bai ko dube ni ba, ya wurgo fasfon kan kanta. Ina da furfura a gemu, yaron ba zai wuce sa'ar ɗana na fari ba. Bincike aikinsa ne, ban ƙi ba, amma wulaƙanci ba ya cikin aikin kowa.

Na shiga Bilbao da yamma cikin wani irin yayyafi mai laushi wanda ba ka jin saukarsa sai ka ga rigarka ta jiƙe. Sirimiri suke kiransa. Motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ta fito daga ramin dutse ta hau wata doguwar gada, sai kawai ga shi a ƙasanmu: wani gini kamar jirgin ruwa, kamar kuma kifi, yana sheƙi a bakin kogi. Gidan kayan fasaha na Guggenheim ke nan. Na sha ganinsa a hoto, amma hoto bai gaya mini cewa a tsakiyar gidajen mutane yake ba.

Ranar Juma'a na nemi masallaci, aka kwatanta mini unguwar San Francisco, inda 'yan Maroko da Senegal da sauran baƙi suka fi yawa. Bayan an idar ina ɗaura takalmi na amsa waya daga gida, sai na ji murya a bayana: "Malam, daga ina?" Wani dattijo ne, haifaffen zangon Kumasi, ya fi shekara talatin a garin. Bai bar ni na koma otal ba. "Baƙo ba ya cin abincin kanti ranar Juma'a alhali muna nan," in ji shi. Matarsa ta dafa wake da shinkafa irin na Ghana, da kifi da yaji mai zafi, ɗan'uwan garau-garau ɗinmu sai dai ya fi shi kayan haɗi. Na ci har na ji kunya. Washegari kuma ya ajiye duk abin da ke gabansa ya ce zai zaga da ni.

Bai fara kai ni Guggenheim ba. Bakin kogin Nervión ya kai ni, ya ce in leƙa. Na leƙa, ga kifaye suna yawo, ga matasa suna tuƙa ƙananan kwale-kwale.

Ya ce, "Lokacin da na zo, ruwan nan ruwan ƙasa ne kamar kunun kanwa. In rani ya yi, toshe hanci ake a kan gada."

Na ce, "Baba, ai Jakara kake kwatanta mini."

A kusa da Jakara, rafin da ya ratsa Kano, aka haife ni, na san warin da yake nufi. Shekara da shekaru masana'antu da gidajen Bilbao suna zuba ƙazantarsu kai tsaye cikin kogin har ya mutu. Sai da suka shimfiɗa manyan bututu a ƙarƙashin ƙasa, suka gina matatar ruwan datti ta Galindo, kuma mazauna garin ne suka biya ta cikin kuɗin ruwansu na shekaru masu yawa. Wannan aikin ba ya fitowa a hoton 'yan yawon buɗe ido, amma a ganina shi ne tushen komai. Wa zai gina gidan kallo a bakin kwata?

Mun tsaya ƙarƙashin wani jan ƙugiyar ɗaga kaya mai tsawon gaske da suka bari a tsaye, suna kiranta Carola. A nan dattijon ya haɗa ni da wani maƙwabcinsa, tsoho ɗan Bask da ya yi walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Euskalduna. Da ya ji ni ma maƙeri ne sai ya kama hannuna ya juya, ya duba tabon tartsatsi, ya nuna mini nasa. Baba yana fassara. Tsohon ya ba ni labarin yadda a 1984 suka yi ta artabu da 'yan sanda a kan gadar Deusto don kada a rufe ma'aikatar, amma aka rufe ta. Shekara guda kafin nan, a watan Agustan 1983, ambaliya ta cinye tsohon gari ana tsakiyar bikin shekara, mutane sama da 30 suka rasu a yankin. Babbar masana'antar narka ƙarfe ta Altos Hornos ita ma ta bi sahu a 1996. A wancan zamanin kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Ina jinsa ina tuna masaƙun Kaduna da kamfanonin Sharaɗa da Bompai da suka zama kufai. A filin ma'aikatar jiragen ruwan yanzu akwai babban zauren taro da kiɗe-kiɗe da aka buɗe a 1999, sun bar masa sunan Euskalduna, kuma da gangan aka lulluɓe shi da ƙarfe mai launin tsatsa kamar jirgin da ba a gama ƙerawa ba. Tsohon ya ce da farko ya tsani duk wannan, yana ganin an sayar da gumin ma'aikata an sayo kayan kallo. Yanzu jikarsa a otal take aiki. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce ya ƙi ba.

Abin da na fi son shugabanninmu su ji shi ne yadda aka samo filin. A 1992 gwamnatin tarayya da ta yankin Bask da ta lardi da ta birni, tare da hukumomin jirgin ƙasa da tashar ruwa, suka kafa kamfani guda mai suna Bilbao Ría 2000. Kowa ya kawo filayensa da suka mutu, aka mayar da tashar jiragen ruwa can bakin teku, aka sayar da wani ɓangare ga masu gini, kuɗin kuma aka zuba shi a lambuna da hanyoyin ƙafa da gadoji. A wurinmu da fili ya faɗo, shaguna ne za su tsiro a kansa kafin wata ya kama.

Guggenheim ɗin na shiga. Kuɗin shiga bai kasa yuro 15 ba, kuma da yuro ya haura naira 1,500 sai da na yi lissafi sau biyu a bakin ƙofa. An buɗe shi a watan Oktoban 1997, zanen Frank Gehry, kuma baƙi sama da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, a garin da mazaunansa ba su kai dubu 400 ba. Zane-zanen ciki da yawa ba su shige ni ba, kuma ƙaton karen furanni da ke ƙofa da gizo-gizon ƙarfe na bakin ruwa na bar wa masu ɗaukar hoto. Jikin ginin ne ya kama ni. Falle-fallen titaniyom ne kusan dubu 33, kowanne bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Na sa yatsa na danna, na ji ya ɗan motsa. An jera su kamar ɓawon kifi, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa, shi ya sa in hadari ya haɗo sai ginin ya yi toka-toka, in rana ta leƙo ya koma ruwan zinariya. A ƙasa kuma akwai wani dogon zaure da aka cika da bangayen ƙarfe na mai fasaha Richard Serra, kaurinsu ya kai yatsu uku, tsayinsu ya ninka mutum biyu, an murɗa su kamar takarda, suna tsaye da nauyin kansu. Na shiga tsakaninsu ina tafiya, bango yana matso ni yana buɗewa, har kaina ya fara juyawa. Na shekara talatin ina lanƙwasa ƙarfe, ban san zai iya yin haka ba.

Duk da haka ba nan ne ya fi taɓa zuciyata ba. Da la'asar Baba ya kai ni Azkuna Zentroa a tsakiyar gari. Rumbun ajiyar giya ne na birni tun 1909, ya yi shekaru a rufe, maimakon a rushe shi sai aka bar bangonsa na waje aka sake cikinsa, aka buɗe a 2010. Kana shiga ba mai tambayarka ko sisi. Ginshiƙai 43 ne ke ɗauke da gine-ginen ciki, babu biyu masu kama da juna, yara suna zagaya su suna ɓuya. Ka ɗaga kai sai ka ga ƙafafun mutane suna iyo a samanka, domin ƙasan wurin ninƙayar gilashi ne. A sama akwai ɗakin karatu hawa uku. Na ga tsofaffi suna karanta jarida, na ga wata yarinya mai hijabi da ƙawayenta suna aikin makaranta, na ga wani matashi baƙar fata da littafin koyon Sifaniyanci yana motsa leɓe. Ga wuta, ga intanet, ga banɗaki mai tsabta. Baba ya ce 'ya'yansa uku a nan suka yi karatun jarrabawa, domin gidansu ɗaki biyu ne. Na tuna wani ɗakin karatu da na kai ɗana a gida, muka tarar da fanka ba ta juyawa, littattafan sun girme ni, mai gadi yana korar yara wai suna ɓata kujeru. Muna da Gidan Makama, muna da Kurmi, muna da marinar Ƙofar Mata da baƙi ke tsallako teku su gani. Ba abin nunawa muka rasa ba. Wurin da talaka zai zauna kyauta a mutunta shi, shi ne babu, kuma in an gina ba a ware kuɗin kula da shi.

Ba komai ne zuma ba. Da muka tsallaka layin dogo muka koma San Francisco da daddare, sai ka ce wani gari ne daban: gidaje sun tsufa, 'yan sanda a kowace kusurwa, samarinmu na Afirka a tsaye ba aikin yi. Baba ya ce haya ta yi tashin gwauron zabo, masu gidaje sun fi son ba 'yan kwana uku haya, maƙwabtansa da yawa sun koma bayan gari.

Tsada kam akwai ta. Loma biyu ta burodi da ɗan kifi a kai, abin da suke kira pintxo, kuɗinta zai ciyar da mutum uku a Kano, kuma sai ka yi ta tambaya saboda naman alade yana ko'ina. Rigar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Athletic Bilbao da yarana suka roƙa saboda 'yan wasa Iñaki da Nico Williams, na ga farashinta na mayar da ita inda take. Ba a ciniki a kanti, in ka taya sai a dube ka kamar ka yi zagi. Amma jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1995 yana da arha da katin shiga na Barik, kuma bai taɓa sa ni jira ba. Ɗabi'arsu ɗaya ta burge ni: ka sa ƙafa a layin tsallaka titi, mota za ta tsaya cak, ko kai waye. Ɗaya kuma ban so ba, karnuka har cikin wurin cin abinci.

Ranar Lahadi a kasuwar kayan gwanjo na samu ma'aunin kaurin ƙarfe, tsoho amma lafiyayye, a yuro 5. Nan ne kaɗai aka yi mini ragi. Da rana na je Portugalete na haye kogi a gadar da ke rataye da keji tun 1893. Litinin Baba ya raka ni har tasha, ya cusa mini ledar dabino da man zaitun, ya ce in gaida Kano. Injin yana kan teku, sai wata mai zuwa in Allah ya yarda.