Abin da robar kunun aya ta koya min a ɗakin awo

A makarantar koyon ungozoma, darasin dumama abin sha bai ci minti goma ba. Malamarmu ta rubuta sunan Louis Pasteur a allo, masanin nan na Faransa da ya gano a shekarun 1860 cewa dumama abin sha yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata shi. Ta ce madara akan kai ta maki 72 na zafi a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 15, ko maki 63 na rabin awa. Ta ba mu labarin Amurka a 1996, inda ruwan tuffa da ba a dumama ba ya kwantar da mutum sama da 60, wata yarinya 'yar wata 16 ta rasu, har hukuma ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin irin wannan kwalba daga 1998. Na haddace, na ci jarrabawa. A raina kuwa na ɗauke shi labarin can, domin wa ke matsar tuffa a unguwarmu?

Da na fara aiki, ranar awo nakan tsaya gaban mata in ce musu: mai ciki kada ta sha lemon da ba a dumama ba. Su gyaɗa kai. Wadda ke riƙe da robar zoɓo mai raɓa a hannu ma ta gyaɗa, don ba ta ga alaƙar maganata da abin da take sha ba. Ni ma a lokacin ban gani ba.

Wani azumi da ya faɗo a tsakiyar zafi aka kawo min wata mai ciki wata bakwai, da asuba, a bayan adaidaita. Tun isha take amai da gudawa. Leɓenta ya bushe ya tsage, na ja fatar bayan hannunta ta tsaya ba ta koma ba, ga mara tana ɗaurewa tana saki kamar naƙuda. Muka sa mata ruwa, leda bayan leda, ina kai abin sauraro cikinta ina neman bugun zuciyar yaro. Surukarta na zaune a ƙasa da carbi.

"Inna, me ta ci da shan ruwa?" na tambaya.

"Wallahi 'yata, ba ta ci abin waje ba. Kunun aya ne, da hannuna na yi mata."

Gaskiya ta faɗa. Ta jiƙa aya tun dare, ta kai inji da safe, ta tace da ruwan da mai garuwa ya kawo, ta zuba dabino da kwakwa, ta sa a firij. Wuta ta ɗauke da hantsi, ba ta dawo ba. Da la'asar aka sayo ƙanƙara aka jefa ciki. Daga jiƙo har kofi, babu inda kunun nan ya ga wuta. Allah ya taimaka cikin ya tsaya, ta haihu a kan lokaci. Amma a wannan safiya na gane cewa ruwan tuffar da na karanta shi ne kunun aya, shi ne ruwan rake da ake matsa a bakin titi, shi ne kankana da abarba da ake markaɗawa a shago, har da zoɓon da aka tafasa da kyau sannan aka sirka da ɗanyen ruwa aka ɗura a robar da aka tsinto.

Na koma littattafaina da wani ido. Ciki yana sassauta garkuwar jiki, shi ya sa abin da zai sa miji gudawar kwana ɗaya zai iya kwantar da matarsa. Ƙwayar cutar da ta fi tayar min da hankali ita ce listeriya, wadda ke bin gurɓataccen abinci da abin sha. Mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau goma, kuma sanyin firij ba ya hana ta yaɗuwa. Uwa na iya jin ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kawai, makonni bayan ta sha abin, mu kuwa a nan duk zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasi. Ƙwayar ta ratsa mabiyiya ta kai ga yaro, sai ɓari, ko bakwaini, ko a haife shi ba rai. Ga kuma ciwon hanta nau'in E da ke bin gurɓataccen ruwa, wanda ya ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, kuma masu ciki na cikin waɗanda ya fi kashewa.

Yanzu na daina cewa "kada ku sha". Matar da ke laulayi, wadda ba abin da ke zama a cikinta sai abu mai sanyi da ɗan tsami, ba za ta bari ba don na faɗa, kuma ba na ganin laifinta. Sai in tambaye ta me take sha, wa ke yi, da wane ruwa. Idan lemon zaƙi ne, ta wanke shi kafin ta yanka, domin wuƙa ce ke kai dattin bawo ciki, ta matse ta sha nan take. Kunun aya a yi kaɗan da ruwan da aka tafasa ya huce, a sha a lokacin, kada ya wuni, kuma kada ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba ta shiga. Wanda aka sayo a waje, in ana iya tafasa shi, a bar shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya. Fura kuwa a tambayi mai nono ko ta dafa madarar kafin ta kwana, masu kindirmo da yawa sukan dafa. Na kwali da aka dumama a masana'anta ba matsala, sai dai in an buɗe a shanye da wuri.

Wani abin da na canza shi ne wanda nake yi wa magana. Mai cikin fari sau da yawa ba ita ke haɗa abin da take sha ba. Don haka nakan leƙa baranda in kira masu rakiya su shigo. Inna mai kunun aya ta dawo bayan shekara biyu da wata surukar tata. Tun kafin in buɗe baki ta ɗaga min flas daga cikin mayafi ta ce, "Sista, tafasasshe ne, yanzu na tace shi."