Na biya ɗan kwangila, mai katako bai ga kuɗinsa ba

A jihar Kalifoniya ta Amurka, biyan ɗan kwangila kuɗinsa cif ba ya raba mai gida da bashin aikin. Idan ya karɓa bai sallami mai aikin famfo ko kamfanin da ya kawo kaya ba, doka ta ba su damar zuwa ofishin rajista na gunduma su ɗora bashin a kan gidan kansa. Daga nan sayar da gidan ko cin rance da shi sai ya yi wuya, har suna iya neman kotu ta sa a yi gwanjonsa. Wato mutum na iya biya sau biyu.

Da muka tashi sake rufin gidanmu, wasiƙu suka fara zuwa daga mutanen da ban taɓa gani ba. Sanarwa ce da masu kawo kaya da ƙananan 'yan kwangila, wato waɗanda babban ɗan kwangila ya ba wani sashe na aikin, ke aikowa cikin kwana 20 da fara aiki, don kare haƙƙinsu. Na adana su duka, domin su suka nuna mini waɗanda za su iya bin gidan bashi.

Kafin kowane biya, sai na nemi kowannensu ya sa hannu a takardar da ke cewa da zarar kuɗin ya shiga ya janye haƙƙinsa a kan gidan. Ɗan kwangilar bai so ba, ya ce ina zarginsa. Na ce masa rasidinsa shaida ce tsakanina da shi kawai, ba ta ɗaure wanda bai sa hannu ba.

A biya na uku takardar mai katako ba ta zo ba. Na buga masa waya, ashe ko sisi bai gani ba tun kayan farko. Raina ya ɓaci, domin mutumin ya sauke nauyinsa, shi ma yana da ma'aikata masu jiran albashi. Na riƙe ragowar kuɗin, na rubuta cak ɗaya da sunan ɗan kwangilar da na mai katakon, yadda ba zai fita ba sai kowa ya sa hannu.

Da aka gama, na yi rajistar sanarwar kammala aiki cikin kwana 15 da doka ta bayar. Wannan ya rage wa'adin da ƙananan 'yan kwangila ke da shi na ɗora bashi daga kwana 90 zuwa 30. Kason ƙarshe kuwa ban sake shi ba sai da takardun kowa suka cika.