Da'awa ta ɗaya, wadda ban karanta ba

Makon jiya ɗan wani abokina ya shigo mini da kwamfuta a hammata, baki har kunne. Bai daɗe da gama karatun injiniya ba. "Baba, na samo sana'a," in ji shi. Wai zai riƙa nazarin takardun haƙƙin ƙirƙira yana sayar wa kamfanoni rahoto. Ya buɗe mini zane mai launi-launi: wannan kamfani takardunsa kaza a kan batir, wancan yana biye da shi. Na ce nawa ka karanta a ciki? Ya dube ni kamar na ce ya ƙirga yashi. "Ai ba a karantawa, Baba. Manhaja ce ke tacewa."

Gabana ya faɗi, don muryata ce na ji ta fito daga bakinsa.

Lokacin da na shiga harkar, Google Patents, rumbun binciken takardun haƙƙin ƙirƙira a intanet, bai daɗe da fitowa ba, a 2006 aka buɗe shi, ga kuma irinsa Espacenet na ofishin haƙƙin ƙirƙira na Turai kyauta. Sai na ga duniya ta zo tafin hannuna. Aikina na uku, wani ƙaramin kamfani mai haɗa famfon ruwa ya ba ni. Sun ƙera wani sabon bawul, suna so su san ko akwai mai haƙƙi a kan irinsa kafin su zuba kuɗi. Cikin kwana biyar na tattaro takardu, na ci karo da wata ta Turai da zanenta ya yi kama da nasu kamar an tsaga kara. Na karanta taƙaitaccen bayanin shafin farko, na kalli zanen, na ga irinta har bakwai a ƙasashe daban-daban. Na rubuta da babban baƙi cewa hanya a toshe take. Suka naɗe aikin suka ajiye.

Fiye da shekara bayan nan wani lauya ya duba musu, ya kira ni. Bai ko ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce in dubi ƙarshen lambar takardar. A1. Wato takardar nema ce kawai, abin da mai ƙirƙira ya roƙa, ba abin da aka ba shi ba. Wadda aka amince da ita, mai B1, tana nan a rumbun da na yi binciken, ban buɗe ba. A tsakanin biyun mai tantancewa ya matsa wa mai neman, ya rage bakinsa, har da'awarsa ta ɗaya, wato jimlar farko da ke shata iyakar abin da haƙƙin ya kare, ta koma sai bawul mai wani irin sifirin a wani keɓaɓɓen wuri. Na mutanena ba shi da sifirin ko ɗaya. Takardu bakwai ɗin da na yi ta kuri da su kuwa dangi ɗaya ne, ƙirƙira guda aka kai ofisoshi bakwai. A ƙasa biyu an daina biyan kuɗin sabuntawa, haƙƙin ya mutu. A ƙasar da suke son sayar da famfon ma ba a taɓa nema ba, wa'adin wata 30 da PCT, yarjejeniyar ƙasashe kan neman haƙƙin ƙirƙira, ta bayar don kai nema wata ƙasa ya wuce tuntuni. Haƙƙin ƙirƙira ba ya tsallake iyaka da kansa, inda aka ba da shi nan ya tsaya. Na san wannan a littafi. Ranar aiki ban tuna ba.

To, ni ma ina da abin cewa. Kwana biyar suka ba ni, ladan kuma bai taka kara ya karya ba. Wa ke ajiye aikin shekara saboda rahoton yaro guda, bai nemi bakin lauya ba? Takardar kuma da Jamusanci take, fassarar inji a lokacin sai a hankali. Na daɗe ina faɗa wa kaina haka. Sai dai uzurin Jamusancin ba ya tsayuwa, domin idan ofishin Turai ya amince da takarda, yakan buga da'awoyinta da Turanci da Faransanci da Jamusanci duka. Da na buɗe B1, da na karanta da harshen da na iya. Gaskiyar ita ce zanen ya burge ni, na ji daɗin cewa na gano wani abu, na ƙi duba abin da zai ɓata mini ganowar. Amma dai har gobe ina cewa kwana biyar zalunci ne.

Da yaron ya zauna, na yi niyyar jera masa nasiha goma. Da na buɗe baki, abu ɗaya ya yi ta fitowa: karanta da'awa. Duk shafukan nan na bayani da zane, labari ne. Katangar tana can ƙarshe, a jimlolin nan masu lamba, dogaye marasa daɗin karatu. Ka ɗauki ta ɗaya, ka yanka ta gaɓa-gaɓa, ka ɗora kowace gaɓa a kan kayan da ke gabanka. Gaɓa ɗaya ta ɓace, kuma babu wani abu a kayan da kotu za ta ɗauka madadinta, to wannan da'awar ba ta kama shi ba. Sannan ka duba ko takardar tana da rai. Shekara 20 ne daga ranar nema, ba daga ranar amincewa ba, kuma da yawa ba sa kaiwa. A Amurka ana biyan kuɗi a shekara uku da rabi, bakwai da rabi, sha ɗaya da rabi, wanda bai biya ba ya saki.

Ya ce ai manhajarsa tana nuna duk wannan. Ku yaran yanzu, komai manhaja! Tana nuna abin da aka buga. Takardar nema sai ta yi wata 18 kafin a fito da ita fili, saboda haka abin da abokin gasar mai ba ka aiki ya shigar a 'yan watannin nan, babu injin da ya gan shi. Kada ka kuskura ka rubuta "babu kowa a wannan fage". Rubuta inda ka duba, da ranar, da abin da ba zai yiwu ka gani ba. Ƙirgen nan naka kuma, ana shigar da nema sama da miliyan uku a shekara a duniya, kusan rabi a China. Yawan takarda ba ya gaya maka wadda ke da haƙori.

Na ce masa ya tsaya a fage ɗaya. Rabe-raben IPC, tsarin da duniya ke kasa ƙirƙire-ƙirƙire fage-fage da shi, manyan sassa takwas ne, A zuwa H, ƙananan rassansu dubbai, babu mai iya su duka. Batir ya karanta, ya zauna a batir. Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi kashe da'awa sau da yawa daga wani fage yake fitowa, wanda bai taɓa leƙa maƙwabta ba ba zai same shi ba. To ya leƙa. Na kuma ce kada ya karɓi kuɗin kowa sai ya yi shekara biyu a ƙarƙashin wanda ya iya. Na faɗa ina sane cewa ni abin da ya koya mini aikin shi ne kunyar da na sha, kuma ba a shan irinta a ƙarƙashin inuwar wani. Ya ce to wanne zai ɗauka? Na ce ya daina yi mini gardama.

Da zai tafi na buga masa wata tsohuwar takarda a kan batir, na ce ya yanka mini da'awa ta ɗaya da biro, ba da kwamfuta ba. Ya karɓa yana ɓata fuska. Shekaranjiya da dare ya turo saƙo: "Baba, gaɓa biyar na samu." Shida ne. Ban ba shi amsa ba tukuna.