Daga Kano zuwa Daura a kan keken tsere

Mu uku muka bar Kano bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu, kowa a kan kekensa na tsere mai siraran tayoyi, da niyyar mu yi sallar azahar a Daura. Hanyar ta bi ta Dawanau, ta ratsa Ɗambatta, ta shiga jihar Jigawa ta Kazaure, sannan ta faɗa jihar Katsina ta Sandamu, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Mun yi sammako ne domin mu wuce Dawanau kafin manyan motocin da ke lodin hatsi a kasuwar su cika titi, kuma domin iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, ba ta cika yin ƙarfi ba sai rana ta ɗaga. Wanda ya nufi Daura daga Kano arewa yake fuskanta, saboda haka iskar tana gabansa, tana dukansa ta kafaɗar dama.

Tun daren jiya na gama da ƙafafun kekena, domin a ganina nan ne doguwar tafiya take gyaruwa ko ta lalace. Na ɗaga keken, na juya kowace ƙafa a hankali ina kallon ratar da ke tsakanin rim, wato zagayayyen ƙarfen da taya ke zaune a kai, da robar birki, sannan na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina kaɗa su da farce. Wayoyin da ke gefe ɗaya ya kamata su ba da amo kusan iri ɗaya, kuma wadda ta yi ƙara dusasshiya ita ce ta saki. A ƙafar baya, wayoyin ɓangaren giya sun fi na ɗaya ɓangaren ɗaurewa, kuma haka aka ƙera ta, don haka ba a gwada amon dama da na hagu. Mutane da yawa suna zaton yawan ɗauri ne ke tsinka waya, alhali sakakkiyar ce ta fi saurin karyewa, domin duk zagayen da ƙafa ta yi sai ta saki ta sake ɗamewa, har ƙarfen ya gaji ya tsinke a gwiwarsa, wajen da ya maƙale a cibiyar ƙafa.

Daga Dawanau muka jera a layi ɗaya, na gaba yana tsaga iska na 'yan mintoci sannan ya zame ya koma baya. Da zarar gudun keke ya haura kilomita 25 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin mutum a kan ture iska yake ƙarewa, kuma wanda ya laɓe a bayan ɗan'uwansa yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala. Gonaki an riga an girbe, karan dawa a tattare, hazo ya rufe bishiyoyin kuka da ke nesa, sanyi kuma yana cizon yatsu. Ba mu tsaya a Ɗambatta ba, sai dai kowa ya ciro dabino daga aljihun rigarsa ya ci a kan sirdi.

Bayan mun wuce garin da kaɗan, a wani wuri da kwalta ta farfashe, wata mota ta matso mu gefe, ƙaramin cikinmu ya faɗa rami da ƙafar baya. Na ji ƙarar tsinkewar waya daga inda nake, kuma kafin ya taka feda sau goma rim ɗin ya fara gugar birki a kowane zagaye. Ƙafarsa irin ta zamani ce mai waya 24, tawa kuwa tsohuwar saƙa ce mai waya 32, kuma bambancin a irin wannan lokaci yake fitowa: inda wayoyi suke da yawa, rashin guda ɗaya ɗan karkacewa yake kawowa, amma inda suke kaɗan, kowace tana ɗauke da babban rabo, rashinta kuma sai ya jefa rim gefe sosai. Muka sauka, na nannaɗe tsinkakkiyar a jikin maƙwabciyarta don kada ta shiga sarƙa, na ɗan sassauta biyun da ke kusa da ita a ɗaya ɓangaren domin rim ya dawo tsakiya, muka buɗe birkin baya, muka lallaɓa zuwa Kazaure.

A nan muka sami wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya, kewaye da tsofaffin ƙafafu da ya rataye a jikin reshe. Bayan gaisuwa, ya karɓi ƙafar ya juya ta sau ɗaya, ya ce, "Yaro, ramin ya ƙarasa ta ne kawai, amma wannan waya ta daɗe a sake. Ka dubi bakin karayar, rabinsa ya yi baƙi." Muka duba, haka ne: rabin wurin ya dafe, alamar tsohon tsagu, ɗaya rabin ne kawai yake ƙyalli. Wayoyin da yake da su na manyan kekunan kasuwa ne, sun yi tsawo kuma sun yi kauri, sai ya sauko da wata matacciyar ƙafar keken tsere daga cikin na rataye, ya auna, ya zaro wadda ta yi daidai.

Yadda ya yi aikin ne ya tsaya mini a rai. Ya ɗiga baƙin mai a kan kowane noti da ke bakin rim, domin ƙurar hunturu tana sa su cije, ya kifa keken, ya riƙe alli daf da rim yana juyawa, duk inda ya karkato allin ya bar zane. Idan zanen ya fito a hagu, sai ya ɗaure wayar dama da ke daidai wurin, ya sassauta ta hagu, kuma bai taɓa juya noti fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda ba. Abokin namu ya ƙosa, ya ce, "Baba, a ƙara matse ta sosai mana, rana tana yi." Dattijon bai ɗago kai ba, ya ce, "Ɗana, idan na matse nan da yawa, can za ta ɓullo." Da ya gama, ya kama wayoyin biyu-biyu da tafin hannu ya matse su da ƙarfi har suka yi ɗan ƙara, ya sake juya ƙafar ya gyara abin da ya motsa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne yake hana ƙafa sake karkacewa bayan tafiyar kilomita kaɗan, domin yana zaunar da kowace waya a mazauninta tun keken bai hau titi ba.

Tsayuwar ta cinye mana kusan awa guda, kuma ina zaune a kan bencinsa na yi wani lissafi da nake so kowane mai neman rage lokacin tafiyarsa ya yi. Mai gudun kilomita 25 a awa yana cin kilomita 100 cikin awa huɗu. Idan ya ƙara zuwa 26, abin da zai rage bai kai minti goma ba, alhali ƙarfin da zai kashe wajen ture iska zai ƙaru da kimanin kashi 12 cikin ɗari, saboda wannan buƙata tana hauhawa da sauri fiye da gudun kansa. Ke nan tsayuwar minti goma, ko don gyara ce ko don hira a wurin mai shayi, tana shafe ribar da mutum ya yi awa huɗu yana wahala a kanta. Masu doguwar tafiya a Faransa sun daɗe da gina ƙa'idarsu a kan haka. A tafiyar nan ta Paris zuwa Brest a dawo, wadda aka fara a 1891 kuma ake yi duk bayan shekara huɗu, ana ba mutum awa 90 ya gama kimanin kilomita 1,200, kuma agogo ba ya tsayawa don barci ko cin abinci ko faci. Ba na raina motsa jiki da ƙarfafa ƙafa, amma na ga mutane suna kashe kuɗi mai yawa a kan ƙafafun keke marasa nauyi, sannan su hau su a hanyar da ba a rasa rami, inda ƙafa mai waya 32 da taya mai faɗin milimita 28 za ta fi kai su gida da wuri.

Da muka bar Kazaure da duwatsunta, rana ta ɗaga kuma iskar ta tashi sosai, har ledoji suna tsallake titi. Muka rage tsawon lokacin da kowa yake yi a gaba, muka sauko zuwa giya mai sauƙi domin feda ta riƙa juyawa kamar sau 85 zuwa 90 a minti maimakon a yi ta dannawa da ƙarfi, wanda ke ƙone cinya tun tafiya ba ta ƙare ba. Sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa, domin gumi yana bushewa kafin mutum ya ji shi, don haka muka riƙa tunatar da juna shan ruwa. A Sandamu muka tsaya tsayuwa ɗaya gajeriya, muka cika gorunanmu, muka sha fura a tsaye.

Mun shiga Daura ana shirin kiran la'asar. Bayan mun yi salla, muka tura kekunan zuwa rijiyar Kusugu, wadda tarihin baka ya ce a nan Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutanen gari ɗiban ruwa, muka sha daga ruwanta kamar yadda baƙi suke yi. A masauki na ɗaga ƙafar da aka gyara na juya ta, ratar da ke tsakaninta da birki ba ta canja ba ko kaɗan duk da ramukan da ta sake sha. Mai keken ya ce idan mun koma Kano zai sa a sake mata wayoyi gaba ɗaya, tunda sauran ma shekarunsu ɗaya da wadda ta tsinke, kuma na goyi bayansa. Muka tsayar da cewa gobe ba za mu yi sammako ba, za mu jira hantsi, domin a komawa iskar a bayanmu za ta kasance.